Kantin da Ƙafar Awatif Za Ta Kai

Ras el-Barr, Oktoba 1994

Zuwa ga 'yata Tahani,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Ustaz Hilmi da yara, kuma zafin Oman bai ƙona ku ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa, da idon nan na hagu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Uwargidana, tantinki Awatif, da sauƙi, tana gaishe ki.

Mun karɓi makulli wurin yayanki a Dumyat, mun kuwa tare. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Kakanki da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, zumuncin da wasu za su ce ya yi nisa, amma daga wasiƙa ɗaya kika ce ga gidan mahaifiyarki, mu zauna har bazara. Allah ya saka miki, ya jiƙan Hajja.

Gidan ya yi mana. Awatif ta kama kujerar bakin taga ta ƙi sakinta, tun safe take kallon teku. Abu ɗaya ne ya sha mini kai, kada ki yi dariya. Masu zuwa shan iska da bazara duk sun watse, sun tafi da kasuwarsu. Layinku kaf a rufe yake, mai gurasa, mai kayan miya, mai madara, kowa ya sauke ƙofar ƙarfe ya ɗaura kwado. Karnuka ne kawai da mu. Ɗana Midhat ya karɓe makullin mota saboda idona, ya sauke mu da buhun shinkafa da gwangwanin cuku ya koma Alƙahira. Shinkafar tana nan, cukun ya kusa ganin ƙasa.

Ni kuwa kin san ni. Na yi rayuwata a tashar jirgin ƙasa ta Tanta, na san lokacin kowane jirgi, amma tunda na yi aure ban taɓa sayen albasa da hannuna ba. A ina Hajja take cefane in ta kwana biyu a nan da sanyi? Ina son wurin da ƙafa za ta kai, a hankali, ba tare da an tsallaka babban titi ba. Awatif ba ta son in bar ta ita kaɗai, kin san halin mata.

Ammunki,
Fikri

*

Sohar, Nuwamba 1994

Ammu Fikri,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, ƙaramar ce ta yi mura ta warke. Makaranta ta sa ni gaba, azuzuwa sun yi mini yawa bana. A gaishe mini da Tanti, a ce mata har yanzu ba wanda ya kamo ƙafarta a naɗin kabeji da shinkafa.

Na yi dariyar, ka yafe mini. Na hango ka da kwat da hula kana taya albasa! To ga hanya. In ka fito ka ba teku baya, ka miƙe har masallaci mai koren ƙyaure, ka karya dama. Za ka wuce sinimar nan marar rufi, kana wuce ta za ka ji ƙamshin kofi. Kantin Ammu Girgis ke nan, rani da sanyi ba ya rufewa. Akwai cuku, ƙwai, zaitun, wake, har sabulu. Ka ce masa kai baƙon gidan Hajja Nabawiyya ne, zai sa ka a kujera ya ba ka shayi. Ina yarinya ba na fita kantinsa hannu wofi. Kifi kuwa sai ku hau jirgin fito zuwa Izbat al-Burj, tsallaken kogi kawai. Mama kan ce wanda ya sayi kifi a wannan gaɓar ga waccan, kuɗi ne suka yi masa yawa.

Amma Ammu, me zai hana ka tari tasi ka sayo na mako gaba ɗaya, Tanti ta yi zamanta? Ai ba yarinya ba ce. Hilmi ma ya ce in an shiga watannin guguwa gidan nan ba wurin zaman manya ba ne. In abin ya yi muku wuya ku koma Tanta, kada kunyata ta riƙe ku.

'Yarka,
Tahani

*

Ras el-Barr, Disamba 1994

Tahani,

Bayan gaisuwa, ina fata mai mura ta ƙara samun ƙarfi. Mu muna nan yadda Allah ya so.

Wasiƙarki ta iso, na kuma ga ƙarshenta. In ke ko maigidanki kuna bukatar gidan, ki faɗa mini a fili. Ni ba yaro ba ne da za a yi wa kora da hali. Kwana biyu kawai za mu nema mu ɗaure kaya.

Na bi kwatancenki. Masallacin yana nan, sai dai ƙyauren ya zama ruwan ƙasa. Sinimar an rushe ta, tulin bulo ne a wurin. Girgis ya daɗe da rasuwa, in ji ladan. Kantinsa yanzu robar iyo ta yara ake sayarwa da bazara, na leƙa ta kafar ƙofa na ga agwagin roba a rataye a kan igiya. Yaushe rabonki da garin nan, 'yata?

Jirgin fito ma mun gwada. Tunda abin ya kai nan, bari in gaya miki abin da na rufe. Muna tsakiyar kogi Awatif ta miƙe tsaye tana kiran mahaifinta, tana ce wa mutane wannan mutumin zai sace ta. Ni ke nan. Wasu masunta biyu suka riƙe ni a kafaɗa, sai da na fito da katin aurenmu da nake yawo da shi a aljihu saboda irin wannan rana. Muka dawo ba kifi.

Tahani, tantinki ba ta gaishe ki ba. Ni nake rubuta haka. Ba ta san ki ba, wani lokaci ni ma ba ta san ni ba, “ya Ustaz” take ce mini kamar baƙo. A Tanta sau biyu tana fita, wai za ta gidan ubanta, sai 'yan sanda suka dawo da ita. Mota ba ta shiga sai da kokawa. Ba zan iya kulle ta in tafi kasuwa ba, na yi sau ɗaya na tarar ta yayyage yatsunta a jikin ƙofa.

Midhat ya samo wani gida a Alƙahira inda ake ajiye irinta. Na roƙe shi ya bar ni in kawo ta nan, domin a bukkokin bakin tekun nan ta yi bazarar ƙuruciyarta, kuma in tana kallon ruwa hankalinta kan kwanta. Ya yarda, amma ya ce ranar da ya zo ya ga ta rame, magana ta ƙare. Ga shi muna cin shinkafa da man zaitun, sai in motar gurasa ta ɓato hanya ta biyo layin.

Fikri

*

Sohar, Disamba 1994

Ammuna,

Ina fata wannan ta same ku da sauƙi. Ni tunda na karanta taka ban ga daidai ba. A ɗakin malamai na buɗe ta, sai da na fita bayan aji na ɓoye fuskata.

Wallahi tallahi ba korarku nake ba. Tausayin gwiwarka ne ya sa na faɗi haka, ban san abin da kake ɗauke da shi ba. Gidan naku ne har ranar da ku da kanku kuka ce ya isa, Hilmi ma ya ce in rubuta haka da sunansa. Ka yi gaskiya, rabona da Ras el-Barr tun kafin Mama ta kwanta ciwo. Garin da ke cikin kaina na kwatanta maka, na sa ka jan Tanti a banza.

Na rubuta wa yayana ya riƙa leƙo ku da kaya daga Dumyat, amma ka san shi da alkawari. Ka rubuto mini ko layi biyu ne. Ka sumbaci goshin Tanti a madadina, ko da ba ta san daga wa ba ne.

Tahani

*

Ras el-Barr, Janairu 1995

'Yata Tahani,

Assalamu alaikum, a gaida Ustaz Hilmi da yara. Mu lafiya. Ki manta da kaushin waccan wasiƙar, yunwa ce da tsufa. Yayanki ya zo sau ɗaya da tiren alewa, ko ƙwai bai kawo ba, Allah ya yi masa albarka.

Albishirinki, mun samu kanti. Kuma ba ni na samo shi ba.

Wata safiya da rana ta ɗan leƙo na fito da ita mu taka. Muna bayan benayen nan na wajen kogi, inda ban taɓa tunanin akwai mutane ba, sai ta ja ta tsaya tana kallon ƙasa. Ganyen kabeji ne guda biyu a yashe, da ɓawon albasa. Ta ce, “Akwai mai kayan miya nan kusa.” Ta fizge hannunta ta shige wani lungu, ina bin ta kamar raƙumi da akala. Ashe a can masu gadin gidaje da magina suke zaune da iyalansu. A ƙarshen lungun wata mace ta fasa tagar ɗakinta ta mai da shi kanti. Sunanta Sitt Badriyya, mijinta masunci ne, teku ta cinye shi. Tana da ƙwai, cuku, gurasa mai zafi, wake, ga kwandunan kayan miya da ƙanenta yake kawowa daga gona a keken jaki.

Tahani, da kin ga tantinki! Ta naɗe hannun riga ta ɗauki tumatir ta juya shi, ta shinshina, ta ajiye.

Ta ce, “Wannan na jiya ne.”

Badriyya ta ce, “Na yau ne, ya Hajja, da asuba aka tsinko shi.”

“Asubar jiya dai. Fito da na ƙarƙashin tebur, ni ba 'yar shan iska ba ce.”

Badriyya ta tuntsire da dariya ta jawo wani kwando. Ni kuma don in nuna ina da amfani na ɗauko wani ƙaton kabeji mai tauri kamar dutse. Awatif ta buge mini hannu.

“Ajiye, Fikri. Wannan za ka naɗe shinkafa da shi ko za ka jefi kare? Mai sakakken ganye ake nema.”

Kin ji? Fikri ta ce. Tun kafin mu baro Tanta rabon da in ji sunana a bakinta. Na juya ina gyara tabarau, Badriyya ta gane, ta ce, “Ya Ustaz, albasata ba ta kai ta sa mutum hawaye daga nesa ba, amma na gode da yabo.”

Yanzu kullum da hantsi muke zuwa. Tafiyar daidai ƙafarta ce, akwai wani dakali a rabin hanya da muke hutawa. Abu kaɗan nake bari mu saya don gobe ma mu sami dalilin komawa. Badriyya ta fahimci komai ba tare da na yi bayani ba. In Awatif ta zaɓi abu ɗaya sau biyu, sai ta zare ɗayan a ɓoye. Girki ni nake yi, ita tana zaune tana zagin hannuna. In mun koma gida sunana kan sake ɓace mata kafin la'asar, amma na san inda zan same shi da safe.

Midhat ya zo ranar Juma'a, ya ga kumatunta, ya ci abinci, ya tafi bai tada zancen gidan Alƙahira ba.

Ammunki,
Fikri

*

Dumyat, Fabrairu 1995

Tahani,

Ranar Talata na rasa Awatif. Ina wanka ta ɗauki kwandon cefane ta fita, ana ruwa da iska. A bakin teku aka same ta, wajen duwatsu. Midhat yana hanya. Ki yi mata addu'a.

Fikri

*

Sohar, Fabrairu 1995

Ammu Fikri,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Tanti Awatif, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, ya ba ka haƙurin da ya fi ƙarfin mutum. Na buga waya gidan Midhat sau da yawa ba a ɗauka, na san kuna wurin zaman makoki. A nan ranakun azumi ne kamar can, mun yi mata sadakar buɗa-baki a masallacin unguwa.

Ban san me zan ce maka ba, sai dai in gaya maka abin da na sani game da ita. Ranar da Mama ta rasu na sauka daga jirgi an riga an binne ta. Gida cike da mata, kowa yana rungume ni yana gaya mini in yi haƙuri, har na ji kamar in yi ihu. Tanti kuwa ba ta bi sahunsu ba. Ta shigo da baƙar rigarta, ta ajiye jaka, ta wuce kicin. Kwana uku ban ga ta zauna ba. Ita ta ciyar da duk wanda ya shigo gidan. A rana ta uku ta same ni a ɗakin Mama ban ci komai ba, ta kawo miyar kaza a ƙaramin kwano, ta zauna ta riƙa ba ni a baki kamar jaririya, ni da nake da 'ya'ya biyu. Da na ce na ƙoshi ta ce, “Ba ke nake ba, uwar yaran can nake ba.” Ba ta da wani haƙƙi a kaina, matar ɗan'uwan nesa ce kawai.

Tana da faɗa, kowa ya sani. Amma ban taɓa ganin wanda ta yi wa faɗa ya tashi da yunwa ba.

Kada ka ɗora wa kanka laifi, Ammu. Ka yi mata abin da 'ya'yan cikin mutum ba sa yi. Ta fita ne za ta yi maka cefane, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Gidan yana nan in kana son komawa, in kuma ba za ka iya kallon tagar ba na fahimta.

'Yarka mai taya ka kuka,
Tahani

*

Ras el-Barr, Maris 1995

'Yata,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, ke da mutanen gida. Ki zauna kafin ki karanta. Awatif tana da rai.

Laifin alƙalamina ne. A barandar asibiti na rubuta waccan takarda, kaina ba ya tare da ni. Ɓata ta yi, tun safe har bayan azahar. Hanyar kantin ta nufa, ruwan sama ya rikita ta, ta bi ta wajen teku. Badriyya ce ta rufe tagarta ta tara matan lungu suka bazu nema, su suka gano ta zaune a kan dutse, jiƙe sharkaf, ta rungume kwando. Sanyi ya shiga huhunta. Mun yi kusan wata a asibitin Dumyat, ni da Midhat muna karɓa-karɓa, shi ya sa ba ki sami kowa a waya ba. Da muka dawo na tarar da wasiƙarki a ƙarƙashin ƙofa.

Kada ki ji kunya, kada ki kuma nemi gafara. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Mutane kaɗan ne ake ba su damar jin ta'aziyyar matarsu tana numfashi a ɗaki na kusa.

Ta rayu, amma ƙafar ta tafi. Daga gado zuwa kujera sai mun ɗauke ta. Na je kantin ni kaɗai, na roƙi Badriyya ta haɗa mini mai kyau da marar kyau a kwando ɗaya, na kawo mata kan cinya ko za ta ware. Ta taɓa tumatir ɗaya, ta riƙe shi, ta dube ni ta ce, “Me ake yi da wannan, ya Ustaz?”

Midhat bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Kuka ya yi a mota. Jibi zai zo ya kwashe mu. Ban yi gardama ba, ba ni da bayan da zai ɗauke ta. Ya sama mini ɗaki kusa da gidan da za a sa ta, an ce ana barin miji ya wuni. Makulli zan bar shi wurin Badriyya, yayanki ya karɓa a can. Da na je sallama ta ƙi fitowa taga, daga ciki ta ce, “Tafi, ya Ustaz, ni na gaji da raka mutane.” Sai ta miƙo gurasa ta labule.

Jiya da la'asar Awatif tana kujerar taga, teku ta kwanta, na ce bari in karanta mata wasiƙarki. Ban san me ya sa ba. Na cire addu'o'in farko da sunanta, na karanta mata zancen kicin da miyar kaza, da abin da ta gaya miki. Ta saurara tsaf, har da gyaɗa kai. Da na kai wurin faɗa ta yi murmushi. Na gama na naɗe takardar.

Ta ce, “Rasuwa ta yi?”

Na ce, “Haka mai wasiƙar take tsammani.”

Ta mai da idonta kan ruwa. Can ta ce, “Allah ya jiƙanta. Ka ji mace. Da ma na san ta.”

Na ce amin.

In na sauka zan aiko miki da sabon adireshi. Ki ci gaba da rubuto mini, 'yata, ko ba ki da labari.

Ammunki,
Fikri